Karan Hatsi da Karar Sambo

Abin da na fi kewa idan kaka ta wuce shi ne motsin shanu a cikin gona. Ba kukansu nake nufi ba, wannan ƙaras-ƙaras ɗin da ake ji idan garke ya shiga busasshen karan hatsi, ana tauna, ana takawa, ana huci, makiyayi yana can gefe ya saƙale sanda a wuya yana yi musu magana da harshen da su kaɗai suke ji. Daga bayan gari muke jiyo shi muna sussuka. Yanzu kuwa kafin a gama kai dammunan hatsi rumbu an riga an share gona tas. An ɗaure kara an loda wa amalanke, wani ya nufi kasuwar Tibiri, wani an ɗora shi a kan ɗaki ko a reshen bishiya ana jiran bazara ta tsananta ya yi daraja. Ban ga laifin kowa ba, bakuna sun yi yawa, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Amma idan na bi hanyar fadama na ga gonaki tsirara, farin kanwa yana cin gaba daga wannan gona zuwa waccan, sai in ji ba daɗi, in sunkuyar da kai in wuce da sauri.

Kwanakin baya jikata da ke karatu a Dogon Dutsi ta zo hutu. Ina zaune ina tsince wake ta jawo tabarma ta fara yi mini darasi, wai malaman gona sun ce ƙasar da gishiri ya kama ana iya farfaɗo da ita idan aka rufe ta da kara da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa. Har sunan abin ta faɗa da Faransanci, wata kalma da harshena ya ƙi ɗauka. Na ce mata malamanta sun yi gaskiya, Allah ya ƙara musu sani. Ta ce to me ya ba ni dariya, na ce ba komai. Ba rowar labari na yi mata ba. Abin ne ya taso mini gaba ɗaya, kuma ba na son yarinya ta ga hawayena a kan wake. Ubanta ma, da ya ci tuwon gonar da zan ba da labarinta har ya yi gemu, bai san rabin abin da aka sha kafin ta ba da tuwon ba.

Ni 'yar tudu ce, daga wajen Matankari aka kawo ni aure, inda rijiya sai an ƙulla igiya da igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Da na zo garin nan na bakin fadama, na ga mutum zai haƙa rami iya tsayinsa ya tarar da ruwa, ga rake, ga rogo, ga dankali, sai na ɗauka wahala ta ƙare mini. Surukata, wadda kowa ke kira Inna, ta ce in bari in ga rani tukuna. Da rani ya yi kuwa na gani. Ƙasa ta fara fitar da wani fari-fari kamar an barbaɗa gari, ya yi ɓawo a sama, idan ka taka ya fashe a ƙarƙashin ƙafarka. Kanwa ce, wadda muke so a tukunya, don wake ba ya nuna da wuri sai da ita, kunu ma ita ke ba shi ɗanɗano. Amma inda ta zauna a gona, shuka takan fito, bakin ganyenta ya yi ja, ta ƙone a tsaye alhali ga danshi a gindinta.

Gidanmu gandu ɗaya ake nomawa a tudu, wan mijina ne ke riƙe da shi, muna ce masa Yaya. Abin da maigidana ya mallaka shi kaɗai wata 'yar gona ce a bakin fadama da mahaifinsu ya ba shi. An ce a da dawa take bayarwa har a rasa wurin zubawa, amma kafin zuwana kanwa ta cinye ta, ba ta da sauran amfani sai ga shanu da ke zuwa lasa, shi ya sa ake ce mata Malasa. Shanun na Sambo ne, wani Bafillace da kakanninsa da kakannin mijina suka ƙulla zama tun ba a san ranar ba. Da damina yakan kora su arewa, can wajen Dogon Kiriya da gaba, idan an gama girbi ya dawo ya kafa ruga a gandunmu. Karan gandu na shanunsa ne, kashin shanu na gandu ne, ba wanda ya taɓa zama ya yi ciniki a kai. Matarsa Kumbo ce ke kawo mana nono da safe, mu zuba mata hatsi a ƙwaryar.

Mu Arawa da Fulani taubasai ne, kuma a zamaninmu taubasantaka ba wasan yara ba ce. Ba ka gaida taubashinka da lafiya lau, sai da zagi. Ba ka roƙonsa, ƙwacewa kake yi, kuma ba ka yi masa godiya ko ya ciro ka daga rijiya. Ranar da Kumbo ta fara ganina ina amarya, ta dubi tsagen da ke kumatuna, wanda ya tashi daga gefen baki har kunne, ta ce an so a ƙara mini faɗin baki ne don wake ya riƙa shiga da yawa. Na shiga ɗaki na yi kuka, Inna ta biyo ni tana dariya ta ce in na bar Bafillata ta tafi da wannan ba ramuwa na kunyata Arewa duka. Washegari na ce wa Kumbo ta riƙe zanenta da kyau kada iska ta ɗauke ta, tun da duk jikinta bai kai nauyin ludayin da take awo da shi ba. Tun daga ranar muka shaƙu. Shi kuwa Sambo Hausarsa a karkace take, har ya koma ga Allah bai taɓa ce mini "ke" ba, kullum "kai", kullum "Ba'are". Yaran yanzu ba su san wannan ba. Saniya ta saka baki a gona, kafin a ce me ya faru an tafi gaban jandarma, kuma kowa ya dawo gida da abin a ransa.

Shekarar da zan ba da labari ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya tsaya bai cika ido ba, ciyawa ma ba ta yi tsawo ba. A cikin daminar nan zazzaɓi ya kwantar da maigidana, bai tashi ba. Ya bar ni da ɗan fari da bai daɗe da fara bin awaki ba, da 'yar goyo a baya. Da na fita takaba, Yaya ya zo ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, ya sa aka kira ni. Mutum ne mai kunya, bai taɓa duban fuskata ba, ranar ma ƙasa yake tonawa da ɗan tsinke.

Ya ce, "Ba korar ki nika yi ba, Allah na gani. Amma kin ga rumbu da idonki. Ɗiyan ga namu na, in mun ci sun ci. Ke ko yarinya ta, gidanku na jiran ki, Allah shi ba ki wani mijin. Ki zamna har ki yaye ta goyo, bayan damana mai zuwa sai a raka ki."

Na san haka al'ada take, kuma na san ba mugunta ba ce. Amma garinmu tafiyar yini ce, kuma macen da ta sake aure ba ta da ƙafar kanta. Ina jin numfashin yarinyar a bayana, na ga ranar da za a kwance ta a miƙa wa wata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da aka fita da gawar ubansu. Ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba.

Na ce, "Yaya, in Malasa ta ba da abinci hwa?"

Ya ce, "Malasa? In Malasa ta cika maki ko ɗan rumbu, wa ka cewa ki tahi? Amma kak ki wahal da kanki, ɗiyar mutane. Mun gwada, ubansu ma ya gwada."

Inna ba ta sa baki ba sai da ya fita. Tsohuwa ce mai faɗa, ba ta iya lallashi ba, abin da ta ce kawai shi ne ita bayanta ya gama goyo, kuma in na tafi ba ta ga wanda zai riƙa dama mata fura yadda take so ba. Da safe ta ɗauki sandarta ta ce in biyo ta. Muka gangara Malasa, fari fat, ido ba ya iya dubanta. Ba ta tsaya a tsakiya ba, ta zagaya can gefe inda wani tsohon darni na kara ya faɗi tun shekarun baya ba wanda ya ɗauke. Ta sa sanda ta ɗaga ruɓaɓɓen karan. Ƙasar da ke ƙarƙashi baƙa ce, da sanyi, gara ta huda ta ko'ina, har da 'yan ciyayi kore a lokacin da babu kore a ko'ina. Ta ce in ɗanɗana. Na lasa, na kuma lasa ta fili, bambancin ba ya bukatar bayani.

Ta ce, "Kanwa can ƙasa taka kwance, rana ka kiran ta bisa. In kin ruhe ƙasa ba ta jin kira. Gara ta ci kara ta buɗe ma ruwa hanya, ruwan sama shi mai da ta inda ta hito. Mazan gidan ga sun sani, amma wa ka ba su karan da za shi ruhe gona guda?"

Nan gizo ke saƙa. Karan da zai rufe Malasa sai na gandu, na gandu kuwa Yaya ya ce ba nasa ba ne balle ya bayar, na shanun Sambo ne, kuma a shekarar da ba ciyawa, kowane kara rai ne a wurin makiyayi. Bayan haka rufe Malasa na nufin shanun su rasa wurin lasa. Na kwana ina juya yadda zan faɗa. Da wani ne daban sai in durƙusa in yi kuka in roƙe shi, amma taubashi ba a yi masa haka. Da hantsi na saɓa goyo na nufi ruga, na tarar Kumbo tana tatsar wata jar saniya mai karyayyen ƙaho, Sambo yana riƙe da ɗan maraƙin.

Kumbo ta ce, "Ga baiwarmu ta zaka gaisuwa hannu sake. Ina wakenmu?"

Na ce, "Ku da ba ku da gari ba ku da rumbu, ina za ku aje wake? Wurin bawana niz zaka. Sambo, karan gandu na wajen hwadama nawa na bana, zan ruhe Malasa da shi. In na ga bakin ramammun shanun ga bisa karana, ko bisa gonata, sai na sai da kai kasuwar Tibiri."

Ya dube ni, ya dubi yarinyar da ke bayana. Labarin abin da Yaya ya ce ya riga ni zuwa, don a ƙauye ba a ɓoye irin wannan. Sai ya tuntsire da dariya.

Ya ce, "Kai Ba'are, wanga kara naka da ko ganye babu? Shanuna ɗiyan sarauta na, ba su cin sauran bawa. Tahi, na bar maka kara."

Kumbo ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da tatsa. Da zan tafi ta cika mini 'yar ƙwarya ta ce in kai wa yara, nonon ya lalace ne, karnukansu ma sun ƙi sha.

Aikin da na yi a ranin nan, idan na ce zan sake shi yanzu ƙarya nake. Da sassafe nakan hau tudu in ɗaure kara, in ɗora a kan gammo, in gangara da shi, yarinya tana barci a baya kanta yana lilo. Kafin in shimfiɗa sai na fasa ɓawon kanwar da hauya, in kankare na sama in kwashe a kwando in zubar can nesa. Sannan in jera kara da kauri, in bi da dunƙulen ƙasa in danne don kada iska ta kwashe. Kanwa ta ci ƙafafuna, faso ya buɗe har ina taka ƙasa da gefen ƙafa, Inna tana narka man shanu tana ɗiga mini tana faɗa, wai wa ya ce in riƙa tafiya kamar agwagwa a gaban mutane. Inda kara bai kai ba sai na koma masussuka, wurin da matan gari ke sussuka da shiƙa, ina kwasar ƙaiƙayin da aka saba cinna wa wuta. Ranar farko da na ɗora kwandon a kai, yana zubo mini a wuya ina susa, wata ta ce yau dai sun ga ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya da idonsu. Aka yi ta dariya, ni ma na yi, don in ban yi ba kuka zan yi. Amma bayan 'yan kwanaki sai na riƙa tarar da shi an tara mini wuri ɗaya, wata ta haɗo da ɓawon gyaɗa, wata da busasshen ganyen rake daga gonar mijinta, wata ta ba ni aron jaki ba tare da na tambaya ba. Masussukar nan yanzu babu ita, inji ya karɓe aikin, kuma ban ce a koma wa turmi ba, ni na san abin da ya yi wa kafaɗuna. Sai dai a can ne mace takan san halin da 'yar'uwarta ke ciki ba sai an faɗa mata ba.

Da sanyi ya wuce na fara jin gara. Idan rana ta yi tsaka, gari ya yi tsit, na tsuguna a bakin gonar, sai in ji wani ɗan sas-sas a ƙarƙashin kara. A gida gara abokiyar gaba ce, ta ci zana, ta ci tabarma, ta ci ginshiƙin rumbu. Ban taɓa zaton zan zauna ina yi mata fatan alheri ba, amma ga ni ina yi.

Sai bazara ta shigo, irin wadda tsofaffi suka daɗe suna ba da labarinta. Tudu ya zama rairayi zalla, ko tsinke babu. Burtalin da shanun Sambo ke bi zuwa rijiya ta gefen Malasa ya wuce, kuma tun suna 'yan maruƙa sun saba idan sun iso nan su ratse su yi lasa. Yanzu ga kara shimfiɗe a wurin, ga yunwa. Safe da yamma Sambo yakan riga su isowa ya tsaya a bakin gonar da sanda, yana kora, yana yi musu magana, su kuwa suna miƙa wuya ta gefensa. Ana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga nesa. Yakan hau gawo ya sassaro musu reshe, har itatuwan suka zama kamar an yi musu aski. Idan ya gan ni sai ya ce in zo in kwashe shararata daga hanya, tana ɓata wa shanunsa ƙafa. Ni kuma in ce ya kai su a yi musu sutura, ƙasusuwansu suna tsorata yara. Kumbo ba ta fasa kawo wa yarana lalataccen nononta ba, sai dai ƙwaryar tana ta ƙanƙancewa.

Wata rana da azahar ɗan farina ya shigo da gudu ya ce saniyar Kumbo ta faɗi. Na fita ba ko mayafi. Jar nan ce mai karyayyen ƙaho, ta durƙushe a bakin Malasa, tsakaninta da karana bai fi taku kaɗan ba. Sambo da wasu Fulani biyu sun zura sanduna ta ƙarƙashinta suna ɗagawa, ta miƙe ta sake zubewa. Sauran garken suna tsaye a burtali sun zuba wa gonar ido. Na ruga na rungumo kara na zube a gabanta, ta shinshina, ta ɗauki ɗaya a baki, ta kasa taunawa. A nan wasa ya fita daga kaina.

Na ce, "Sambo, don Allah, don Annabi, sake su su ci. Na yahe. Kak ka rasa dukiyarka saboda ni."

Tun da nake da shi ban taɓa ganin ya ɓata rai ba sai ranar. Maganar da na yi, a tsakaninmu, kamar na ce masa ba ni ba shi ne, kamar na mai da shi baƙo. Ya ɗauke kai ya dubi wani wuri, sai da ya haɗiye abin da ya haɗiye sannan ya juyo.

Ya ce, "Wa yam mutu da kaka yi mani magana awa wani alƙali? In sun ci yau, gobe yunwa ta komo, kara ko ya ƙare. Mai da sharakka inda kaɗ ɗauko. In ka tahi garinku, Ba'are, wa za mu zaga?"

Na mayar da karan na danne shi da ƙasa. Kafin la'asar suka yanka saniyar don kada ta mutu mushe, naman ko ɗigon kitse babu. Kumbo ta aiko mana da kaso, ta ce a faɗa mini Arawa ba su saba ganin nama ba, kada mu ci da fata. Ba jar saniyar kaɗai suka rasa ba a bazarar nan, na ji daga baya, amma daga bakinsu ban taɓa ji ba. A Hausarmu karan hatsi daban, karar da mutum ke yi wa mutum daban, murya ke raba su. A bakin Sambo kuwa duka biyun abu ɗaya ne, ba ya rarrabewa. Ranar da ya ce ya bar mini kara ni na gona na ji, sai a bakin Malasa na gane wadda ya bar mini.

Ruwan farko ya sauka, mutane suka fita shuka, ni Inna ta hana ni. Ta ce in bar shi ya yi wanki tukuna, ba a shanya a kan datti. Na zauna ina kallon kowa yana binne iri, raina kamar ya fita, har aka sake yin ruwa mai ƙarfi, aka kuma. Su Sambo suka tattara abin da ya rage musu suka yi arewa, ba sallama, don ba ma yin ta. Sannan Inna ta ce in je. Karan ya riga ya lafe, rabi gara ta cinye, ƙasar ta yi laushi har yatsa yana shiga. Na lasa, akwai sauran ɗaci amma ba irin na da ba. Ban kwashe karan ba, na riƙa buɗa shi ina saka dawa ina mayarwa. Kwanakin da na yi ina jiran tsiro ban san ɗanɗanon abinci ba. Da ya fito ban yi murna ba, don a Malasa fitowa ba ita ce magana ba, kullum da safe bakin ganye nake dubawa ko ya fara ja. A tsakiyar gonar, inda kanwar ta fi zama, ya yi ja ya ƙone kamar yadda ya saba, wurin nan sai da na yi shekaru ina rufe shi kafin ya sallama. Amma kewayen ya tsaya. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kaina, har ranar da na shiga ciki ɗan farina yana kira bai gan ni ba.

Da dawa ta nuna Yaya ya gangaro shi kaɗai. Ina ciki ina korar tsuntsaye, na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya zagaya gonar a hankali, ya tsaya a kan tsakiyar da ta ƙone ya daɗe yana dubawa. Ya karyo zangarniya ɗaya, ya murza a tafin hannu, ya hure, ya watsa a baki. Ya kakkaɓe hannu ya hau tudu, ban san abin da ya yanke ba. A daren nan na ɗaure 'yan kayana a zuciya, don yarinyar ta riga ta isa yaye. Washegari da hantsi sai ga shi ya shigo da 'ya'yansa maza, sun ɗauko itatuwa da duwatsu da zana. Ya tsaya a tsakar gida, idonsa a ƙasa kamar kullum.

Ya ce, "Inna, tambayi uwar yaran ga, ina taka so a kahwa mata rumbun?"

Inna ta ce, "Ga ta nan gabanka, kurma ta?"

Na nuna bayan ɗakina da hannu. Na shiga ɗaki na rungume yaran nan biyu har babban ya fara mutsu-mutsu yana cewa na matse shi.

Bayan girbi su Sambo suka dawo, garken ya ragu ƙwarai, ba wanda ya yi zancen. Na surfa sabuwar dawar Malasa, na niƙa, na dama kunu mai kauri, kuma na rantse a raina ko ƙwayar kanwa ba za ta shiga cikinsa ba. Na cika babbar ƙwarya na ɗauka zuwa ruga, yarinyar tana biye da ni da ƙafarta, tana faɗuwa tana tashi. A hanya na shirya maganganu iri-iri, na san kuma ba ɗaya da zan iya faɗa. Na dire ƙwaryar a gaban Kumbo na ce ga sadaka, na ji an ce Fulani sun dawo da yunwa. Sambo yana gefe yana gyaran igiya, ya ce a ɗanɗana masa tukuna, ba a yarda da girkin bawa. Kumbo ta sa ludayi ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta yamutsa fuska.

Ta ce, "Munka ji an ce gonar kanwa gare ki, niz zaka da shirin shan kunun kanwa. Wanga lami na. Ina kanwar?"

Na ce in ba ta so ta aje. Ba ta aje ba. Ta jawo yarinyar ta ɗora a cinya, tana sha tana ba ta, tana zagina, har ƙwaryar ta ƙare.